Taskar Zariya Ba a Cikin Roba Take Ba

Jama'a, akwai wani wasa da ya daɗe yana tashe a Amurka da ƙasashen Turai, wanda na fara jin wasu samarinmu 'yan boko a Samaru suna kwaɗayin a shigo mana da shi. Turawa na kiran sa jiyokashin, mu kuwa sai mu ce farautar taska da na'urar GPS. Masu son abin suna cewa wayewa ce, wai zai sa matasa su fita su san gari. Masu kushe shi kuma suna cewa aikin wanda ya ƙoshi ne ya rasa abin yi. Ni dai ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma rigimata ta fi yawa da na farkon, domin su ne suke riƙe da abu mai amfani a hannu suna neman su mayar da shi shirme.

Bari in ɗan warware wa mai karatu yadda abin yake. GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar sojan Amurka, aƙalla 24, da ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,000 daga ƙasa. In wayarka ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa maka inda kake tsaye, ta ba ka lambobi biyu, na arewa da na gabas. Da can sojan suna gurɓata saƙon da gangan, ta yadda na'urar farar hula kan yi kuskuren da ya kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta janye wannan gurɓatawa. Ba a yi kwana uku ba, ranar 3 ga Mayu, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki bokiti ya zuba tarkace a ciki, ya ɓoye a daji a jihar Oregon, ya watsa lambobin wurin a intanet ya ce a je a nemo. Shi ke nan wasa ya samu. Ƙa'idarsa ita ce in ka gano robar ka sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, in ka ɗauki wani abu ka ajiye wani a madadinsa, ka mayar da ita inda ka same ta. Yau irin waɗannan robobi sun kai miliyoyi a duniya.

To, madalla da su. Amma don Allah a zauna a yi tunani: wa zai je ya tura roba a ƙarƙashin gadar Kubanni, ko a gindin wata bishiya a bayan kasuwar Samaru, a gan shi, ya koma gida lafiya? A ƙasar Hausa in aka ga mutum ya waiga hagu ya waiga dama, ya tona rami ya binne wani abu mai takarda a ciki, suna ɗaya ake ba abin: asiri. Kafin ya gama bayanin tauraron ɗan'adam an tara masa jama'a. Wannan ma mai sauƙi ne. Mutanen Sabon Gari ba su manta da ranar Lahadi 17 ga Yuni na 2012 ba, ranar da aka tayar da bam a babban cocin Katolika na Sabon Gari da wani cocin a Wusasa. Tun daga lokacin, ƙunshin da ba a san mai shi ba ya daina zama abin wasa a garin nan. Wanda ya ce a riƙa ɓoye akwatuna a lungu da saƙo, yara na bin su da waya a hannu suna leƙe-leƙe kusa da masallatai da coci-coci da barikin soja na Basawa, ko dai bai san Zariya ba, ko kuma ba ya ƙaunar yaran. Ba kowace rawa ce ake takawa a kowane dandali ba.

Su kuma masu cewa duk harkar aikin banza ce, su ma su saurara. Da irin wannan na'ura aka riƙa bin sawun ma'aikatan rigakafin shan-inna a jihohin Arewa, aka zana taswirar ƙauyuka da rugagen da babu su a takardun gwamnati, kafin a kai ga ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a 2020. Wato baƙi sun riga sun zo sun auna mu, sun san lambar kowace unguwa. Abin da ba su rubuta ba, kuma ba aikinsu ba ne su rubuta, shi ne abin da ya faru a wuraren. Nan ne gardamata take. Rabin wasan da ya shafi ɓoye roba a bar wa masu shi. Rabin da ya shafi zuwa wuri da ƙafa, a tsaya a kansa, a ɗauki lambarsa, a rubuta sunansa da labarinsa, wannan bashi ne a wuyanmu, kuma mun makara.

A ɗauki Samaru kawai. Ɗalibi kan yi shekara huɗu ko biyar a Jami'ar Ahmadu Bello, iyakacin saninsa daga ɗakin kwana zuwa aji, daga aji zuwa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, sai kuma bakin babbar ƙofa wajen masu shayi. Ya tafi yana zaton da jami'ar aka haifi garin a 1962. Alhali tun 1922 Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, saboda audugar da masaƙun Ingila ke buƙata, shekara 40 kafin jami'ar. Ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. Manomin da ke shuka irin masara SAMMAZ ko waken SAMPEA a Funtuwa ko Gusau, sunan Samaru yake shukawa bai sani ba, domin haruffa ukun farko daga nan aka ciro su. Ina filayen gwajin farko suke? Wane gini ne ya rage daga na wancan zamani? Wannan ba ya cikin taswirar Google, kuma ba zai shiga da kansa ba.

A ja baya ma fiye da haka. A shekarun 1970 masu binciken kufai na jami'ar, ciki har da John Sutton, sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, shaidar cewa maƙera sun hura wuta a wannan fili ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar Zazzau. Rahoton yana kwance cikin Turanci a kan kanta, filin kuwa gine-gine na ta cin sa. A dawo kusa: a nan ne a 1958, lokacin wurin yana kwalejin fasaha, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya da ta sauya fuskar zane a Nijeriya. A nan ne kuma ranar 23 ga Mayu na 1986 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta aka rasa rayuka. Waɗanda suka ga abin da idonsu yanzu furfura ta cika musu kai. In ba a bi su sun nuna da yatsa sun ce "nan ne" ba, nan gaba kaɗan sai dai a yi ta musu.

Sabon Gari kuwa, shi gaba ɗayansa ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, shi ya kwaso Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen Gana da Saliyo, Turawa suka yanka musu fili a wajen ganuwa. Daga nan layi ya rabu: ɗaya ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, shi ne ya bi ta bayan Samaru ya ba Hayin Dogo suna. Akwai kuma wani siririn layi da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. Mutum nawa ne a cikin masu sayayya a kasuwar Sabon Gari za su iya nuna inda ya bi? Kullum 'yan acaba da masu keke Napep na kiran "PZ! PZ!", amma yaro nawa ya san sunan kamfanin Paterson Zochonis ne, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna kusa da tasha suna sayen auduga da gyaɗa da fatu? Sunan ya tsira, labarin ya mutu. Hajiya Gambo Sawaba, wadda mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgi ya kawo, a titunan Sabon Gari ta yi gwagwarmayar NEPU, aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har ta rasu a 2001. An sa wa asibiti sunanta a Ƙofar Gayan, an kyauta. Amma dandalin da ta tsaya ta yi lacca, da kotun da aka gurfanar da ita, ai su ma wurare ne.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu rubutu da masu karatun littattafan Hausa, domin mu ne ya fi kamata kunya ta kama. Zariya ce mahaifar ƙagaggen labarin Hausa na boko. A nan Rupert East ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A nan Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Amma a ɗauko littattafanmu goma na soyayya a duba inda labarin ke faruwa. "Wani katafaren gida a wata unguwa ta masu hannu da shuni." Wace unguwa? Oho. Da labari ya yi zafi sai a ɗauki jarumar a kai ta Dubai ko Landan, garuruwan da sau da yawa marubucin bai taɓa takawa ba. In an ce yarinya tana karatu a jami'ar Samaru, to sunan ne kawai. Babu ƙurar hunturu a hanyar Sakkwato, babu cunkoson Kwangila, babu hangen dutsen Kufena da yamma. Najib Mahfuz na Masar ya ɗauki wani ɗan lungu na gaske a tsohon birnin Alƙahira ya gina littafi sukutum a kansa a 1947, ya zo ya ci kyautar Nobel a 1988, har yau baƙi na zuwa neman lungun. A Dablin ta ƙasar Ailan, duk ranar 16 ga Yuni mutane na fita su bi titunan da jarumin littafin James Joyce ya bi. Wane littafinmu ne za a riƙe a hannu a bi Sabon Gari da shi?

Na san abin da samarin za su ce: ai mu ma jerin "wurare masu ban sha'awa" muke son haɗawa. Na ga irin jerin da ake yi. Gidan cin abinci kaza, wurin shan askirim kaza, inda hoto ke fita da kyau. Ba na hana kowa shan askirim, amma wannan talla ce, kuma mai shagon zai yi abinsa ko ba ku. Wasu kuma suna ganin da sun ɗauki lamba sun liƙa hoto an gama. Digiri 11 arewa, digiri 7 da ɗoriya gabas: me wannan ya gaya wa wani? Lamba ba ta san cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a shekarun 1830 ba. Amfaninta ɗaya ne, kuma babba ne: ranar da aka rushe gini, ko ruwa da masu ɗibar ƙasa suka ƙarasa cinye abin da ya rage na ganuwa tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, lambar za ta ce nan yake, ba can ba. Sauran aikin na baki ne da alƙalami.

Kuma ba kowace lamba ce ake watsawa ba, wannan ma sai an faɗa wa masu zumuɗi. Mun ga yadda aka yi wa kufan Nok a kudancin jihar nan a shekarun 1990: da labari ya bazu cewa gumakan yumɓu na kuɗi a Turai, sai aka afka musu da diga da shebur, aka farfasa abin da ba a iya sayarwa. Wanda ya ɗora ainihin lambar wani kufai ko tsohuwar maƙabarta a intanet don a yaba masa, jagora ya yi wa ɓarayi. Haka gidan mutum mai rai, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane. Irin waɗannan a rubuta su a miƙa wa sashen nazarin kufai ko na tarihi a jami'a, a bar wa jama'a labarin ba tare da lambar ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ɗalibi mai waya da kuɗin mota zuwa PZ ba. Ya sami tsohon ma'aikacin jirgi a kwatas ɗin reluwe, ko dattijuwar da ta yi NEPU, ko tsohon leburan gonar gwaji a Samaru ko Bomo. Ya gaishe su yadda ya kamata, ya ce, "Baba, a taimaka a nuna mini wurin." Su je tare. Ya ɗauki lamba, ya rubuta sunan da mutanen unguwa ke kiran wurin da shi, ba wanda ke kan allo ba, ya rubuta wanda ya gaya masa da ranar da ya gaya masa, da Hausa. In dattawa biyu sun saɓa, ya rubuta duka biyun. Akwai taswirar OpenStreetMap da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa ya sa sunan wuri da harshensa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin da aka rufe layin Jos a 1957, yau ya haura 80, kuma irinsu ba su da yawa a Sabon Gari.