Majalisar Dattawa: Wa Zai Zaɓe Su?

Zuwa ga 'yan'uwa na reshen Tabla, da na Balleyara, da Damana, da Bonkuku, da Filinge, da sauran rassan ƙasar Kurfai. Muna roƙon sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda gaban jama'a da babbar murya, a kuma juya ta da Zabarmanci da Buzanci domin waɗanda Hausa ba ta ishe su ba.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, suka rushe Majalisar Dokoki ta Yamai, suka jingine tsarin mulkin 2010. Ko ba daɗe ko ba jima za a zauna a rubuta wani. Ran nan kuwa lalle wani mai babbar riga zai miƙe ya ce majalisa ɗaya ta yi wa Nijar kaɗan, a ƙara mata ta biyu, watau Majalisar Dattawa, wadda Faransawa ke ce wa Sena. Zai ce ku dubi Cadi, ku dubi Togo, duk sun kafa tasu a 2025. To, muna so ranar ta iske ku da sanin abin da ake nufi, kada a sayar muku da akuya cikin duhu.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Mu ɗauki Nijeriya, tun da ita ce maƙwabciya, kuma labarinta muke ji a rediyo kullum. Bisa tsarin mulkinsu na 1999 suna da ɗaki biyu. Na farko Majalisar Wakilai, mutum 360, ana raba kujerunta bisa yawan jama'a. Na biyu Majalisar Dattawa, mutum 109, kowace jiha cikin 36 tana da uku, Abuja tana da ɗaya. Saboda haka jihar Kano mai wakilai 24 da jihar Bayelsa mai wakilai 5 ƙarfinsu ɗaya a ɗakin dattawa. Dukkan waɗannan mutane talakawa ne ke jefa musu ƙuri'a, shekara huɗu huɗu.

Shirin doka yana iya tasowa daga kowane ɗaki. A karatu na farko sunansa kaɗai ake faɗa. A na biyu a yi muhawara kan manufarsa. Sa'an nan a miƙa shi ga kwamiti ya tankaɗe ya rairaye, ya saurari masu ƙorafi. A karatu na uku a jefa ƙuri'a. In ya wuce, sai a aika da shi ɗaya ɗakin, a sake bin wannan hanya tun daga farko. In ɗakunan suka saɓa ko da a kan kalma guda ce, sai kowanne ya fid da mutanensa su zauna su daidaita. Bayan nan a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane ɗaki suna iya sake zartad da shi, ya zama doka ko yana so ko ba ya so. An yi haka a shekarar 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Obasanjo.

A Faransa ɗakin wakilai mutum 577 ne, jama'a ke zaɓensu. Dattawa 348 ne, su kuwa galibi wakilan majalisun garuruwa ke zaɓensu. Shirin doka yana kai da komo tsakanin ɗakunan. In sun kasa shiryawa, a zaɓi bakwai nan bakwai can su zauna. In abin ya faskara, gwamnati tana iya ba ɗakin wakilai magana ta ƙarshe. A Ingila ma da irin wannan. A 1909 Majalisar Iyayengiji, wadda ba mai zaɓenta, ta ƙi kasafin kuɗin gwamnati. Aka yi ta ja, har a 1911 aka yi dokar da ta karya mata fiffike: maganar kuɗi ba ta iya riƙe ta fiye da wata ɗaya. A 1949 aka rage jinkirin sauran dokoki zuwa kamar shekara guda. Ku lura da kyau: Turawan da suka daɗe da ɗaki biyu, su da kansu suka gane cewa aljihun talaka wakilinsa kaɗai ya kamata ya sa masa hannu.

Masu son ɗaki na biyu suna da hujja, ba kuwa za mu ɓoye muku ita ba. Suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Doka in an yi ta da garaje, gara a sami wanda zai sake dubawa. Suna cewa kuma in yawan kai kaɗai aka bi, ƙasashen Maraɗi da Damagaram da Tawa za su danne wuraren da mutane suka yi ƙaranci, makiyayin arewacin Abala ya rasa mai faɗa masa. Mu mutanen Dallol, da manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, mun san nauyin wannan magana. Suna kuma da shaida babba. Ran 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawan Nijeriya, Ken Nnamani yana shugabanta, ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar zarcewa karo na uku. Maganar ta mutu nan take.

To, amma me ya ba dattawan nan ƙarfin hali? Kowannensu ya san zai koma gida ya tsaya gaban waɗanda suka zaɓe shi. Kujerarsa ba daga hannun Obasanjo ta fito ba.

Yanzu mu komo gida. Tun daga samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, lokacin da Bubu Hama ke shugabancin majalisa, ɗaki ɗaya ne ke zama a Nijar. A 2009 aka rubuta mana Sena cikin tsarin mulki, ga kuwa yadda aka yi. Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaba wa'adi biyu na shekara biyar biyar, na Tanja Mamadu zai ƙare a Disamba 2009. Aka tashi kiɗan tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce hanyar ba ta halatta ba. Ran 26 ga Mayu ya rushe majalisar da talakawa suka zaɓa. Ran 29 ga Yuni ya rushe kotun. Ran 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, 'yan adawa suka ƙaurace, aka fito da tsarin Jamhuriya ta Shida. A ciki aka ƙara masa shekara uku, aka cire iyakar wa'adi, aka kuma kafa Majalisar Dattawa wadda kashi ɗaya cikin uku nata shi zai naɗa da hannunsa. Ba ta taɓa zama ba, domin ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da shi, tsarin mulkin da ya biyo baya kuma ya mai da mu ɗaki ɗaya.

Ku auna waɗannan biyu. Sena ta Abuja ta kashe tazarce. Sena ta Yamai tazarce ce ta haife ta. Suna ɗaya, aiki ya bambanta, dalili kuwa shi ne wanda ya ba da kujera.

Wani zai ce kashi ɗaya cikin uku ai kaɗan ne. To mu yi lissafi irin na kasuwar Lahadi ta Balleyara. Dattawan Cadi 69 ne, shugaba ya naɗa 23, aka zaɓi 46. Rinjaye 35 ne. Ke nan mutum 12 kaɗai yake nema cikin 46 ɗin nan, ɗakin ya zama nasa. A Togo 61 ne, 20 naɗaɗɗu, saura 11 cikin 41 a cika rinjaye. Wane dillali ne za a ba shi sulusin garke kyauta tun ba a buɗe ciniki ba, sa'an nan a ce kasuwa ta yi adalci? Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Senegal ta ɗanɗana. A 2007 Abdullahi Wad ya maido da Sena mai mutum 100, shi ya naɗa 65. A 2012 Maki Sal ya sa aka rushe ta, ya ce kuɗinta a kai wa waɗanda ambaliya ta cinye. A Burkina Faso kuwa, sa'ad da Bulez Kampawore ya so kafa tasa a 2013, jama'a suka cika titunan Wagadugu, har ya bar mulki a 2014 ba ta zauna ba.

Akwai kuma masu cewa a cika ɗakin da sarakuna, tun da su ne iyayen ƙasa. Muna girmama sarakunanmu, mun san wahalar da suke sha wajen raba rigimar gona da burtali. Amma a Nijar sarki yana cikin jerin ma'aikatan mulki, hukuma ke tabbatad da shi, tana kuma iya sauke shi. A 2001 gwamnati ta tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, sai a 2011 aka mai da shi. A Nijeriya ta Arewa an yi Majalisar Sarakuna a Kaduna tun daga tsarin Richards na 1946 har juyin mulkin 1966, kuma a 1963 gwamnatin Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus. In mai Kano bai tsira ba, wane sarkin kanto ne zai ɗaga hannu ya ƙi dokar ministan da ke riƙe da rawaninsa? Sa shi a wannan kujera cin mutuncinsa ne.

Kakanninmu sun ga irin wannan rabo. A 1946 Faransa ta kafa wa Nijar majalisar shawara mai kujera 30. Kujera 10 na 'yan tsirarun da ke da takardar zama Bafaranshe ne, 20 na sauran ƙasa duka. Sai dokar 1956 ta kawo akwati ɗaya ga kowa, mace da namiji, aka yi zaɓen 1957 a kansa. Abin da aka sha wuya aka ƙwato a hannun Nasara, ba za mu mayar wa kowa shi ba don ya canja masa suna.

Ku tuna kuma da kuɗi. Kowane dattijo sai albashi, da mota, da gida, da masu tsaro, da ma'aikata. Daga ina za su fito? Daga lanho, da kuɗin tikitin da ake karɓa a kan kowace tunkiya da kowane buhun hatsi, a ƙasar da yara ke karatu cikin rumfar zana.

Saboda haka ga matsayinmu. Ɗaki ɗaya da aka zaɓa da gaskiya, da kotu wadda ba a rushe ta in ta faɗi abin da ba a so, sun ishi Nijar. In ana tsoron a danne wuraren da jama'a ba su da yawa, a ware musu kujeru cikin wannan ɗakin. In kuwa aka nace sai an yi na biyu, to ga sharuɗɗanmu.

Na ɗaya, kada shugaban ƙasa ya naɗa ko mutum guda.

Na biyu, talakawa su zaɓe su kai tsaye, kowace jiha da adadi ɗaya.

Na uku, maganar haraji da kasafin kuɗi ɗakin wakilai ke da ta ƙarshe.

Na huɗu, a yanka musu kwanakin da za su riƙe shirin doka, in sun wuce ya zarce ba su.

Na biyar, a buga abin da ɗakin zai ci kowace shekara, a karanta a rediyo da harsunan ƙasa tun ba a jefa ƙuri'a ba.

'Yan'uwa, kowane reshe ya zauna kan wannan magana ran kasuwarsa, ya rubuto mana abin da ya gani. Duk wanda ya zo muku da zancen Majalisar Dattawa, ku ba shi tabarma da ruwa, ku saurare shi har ya gama. Sa'an nan ku tambaye shi: su wa za su zaɓe su, kuma wa zai biya? Kada ku bar shi ya hau mota sai ya amsa.