Ɗakin Wasan Ƙasa Na Samaru: Wa Ya Kamata Ya Ji Kunya?

Ran Talatar da ta wuce muna cikin motar haya daga Palladan za mu Samaru, sai wani ɗan ajinmu ya ce wai shi kunya yake ji in an yi baƙi a jami'a aka kai su ɗakin wasan kwaikwayon nan na ginin ƙasa. Wai kamata ya yi a rushe shi, a gina na siminti mai kujeru a jere irin na Ikko. Ban tanka masa ba a lokacin, don akwai dattawa a motar. To, ga amsata.

Da farko dai, malam bai san tarihin abin da yake kushewa ba. A shekarar 1975 ne Michael Etherton, wanda ya yi aiki a Zambiya, ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara ɗakin, magina na gargajiya suka ɗora tubali, aka gama a 1976. Da gangan aka ba shi siffar gidan Bahaushe: ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya, ba labule, ba wani dogon dandamali da zai raba mai wasa da mai kallo. Ashe ba haka 'yan tashe suke yi a ƙofar gidajenmu da azumi ba? Daga wannan ɗaki ne ɗalibai suka riƙa fita da wasanni cikin Hausa zuwa ƙauyuka irin su Bomo, suna taɓo abin da ya dami manoma, manoman kuma suna sa baki.

Amma gaskiya ba da abokina kaɗai nake ba. Da mu nake, 'yan'uwana ɗaliban Hausa. Mun haddace Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, mun haddace Uwar Gulma, muna iya zayyana jigo da salo har malami ya gaji da dubawa. To, shekarata uku ke nan a wannan ƙungiya, ban taɓa ganin mun ɗauki ko fitowa ɗaya mun aikata ta a gaban jama'a ba. Wasan da aka rubuta don a gani, mu mun mai da shi abin cin jarrabawa. Kullum muna wuce ɗakin kamar na wasu ne, in an tambaye mu sai mu ce ai na 'yan Turanci ne. Wa ya hana mu nema?

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su nemi izinin ɗakin kafin ƙarshen wannan zango, mu aikata Uwar Gulma, mu gayyato mutanen kasuwar Samaru da na Sabon Gari. Ni na ɗauki rarraba takardun gayyata a Palladan. Abokina kuwa, tun da muryarsa ta cika mota, mun ajiye masa matsayin Hayatu.