Daga Bakin Tabarma: Mu Duba Ƙafar Ɗiyanmu

Da fatan zubin wannan wata ya tafi daidai.

Ga Oktoba ta matso, yara za su koma lakwal, kowa na lissafin littafi da alƙalami. Ni yau zancen takalmi zan yi muku, don bara ya ci mini kuɗi. Autana ya taka ƙusa bayan gida, ya ɓoye don tsoron faɗa. Sai da ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, na gani. Rance na ɗauka cikin asusu muka tafi likita, aka wanke, aka yi mishi allurar tetanos. Abin da na kashe ya sayi takalmi biyar.

Ba ƙaya da ƙarangiya kaɗai ke jiran ƙafar yaro ba. Akwai kunama da dare, akwai tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa inda ake bayan gida a fili. Cikin hanji take zama tana shan jini, sai ki ga yaro ya yi fari ba ƙarfi.

In za ki kasuwa ba tare da shi ba, ki tsayar da shi, ki auna ƙafarsa da kara daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, ki ƙara faɗin babban yatsanki, ki karya. Takalmin da karan ya shiga daidai shi ne nashi. Mun saba cewa "a sayi babba, ya girma da shi". To, babba tuntuɓe yake sawa, ƙarami kuma ya tauye yatsu. In na gwanjo ne, ki duba ƙasansa bai cinye gefe guda ba, ki wanke ki shanya a rana. Na roba a rufe yana tara zufa, tsakanin yatsu ya jiƙe ya tsage.

Kowane dare a wanke ƙafa da sabulu, a share tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe saboda faso, tun ba lokacin hunturu ba. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa. Jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe kuwa, a kai shi likita tun makonnin farko, gyaran ya fi sauƙi ƙashi na ɗanye.

A taronmu na gaba kowace ta zo da karanta. In muka haɗa kuɗi muka sayo a sari, kowa zai samu sauƙi.

Allah ya raya mana su. Sai wata mai zuwa.