DUNIYAR KWAMFUTA: ICCE TUN YANA ƊANYE AKE TANƘWARA SHI

A makon nan za mu duba yadda masu rubuta manhajar kwamfuta suke tsara aikinsu, musamman wata hanya da Turawa ke kira Ajayil, watau aiki da zafin nama da sauƙin canza akala.

Bisa tsohuwar al'ada, akan zauna a rubuta dukan abin da ake bukata tun farko, sa'an nan a zana tsari, a rubuta manhajar, kana a gwada ta daga ƙarshe. Ana kiran wannan tsarin gangaren ruwa, domin ruwan da ya gangara ba ya komawa sama. Tun a 1970 wani masani mai suna Winston Royce ya yi gargaɗi cewa bin wannan hanya ba tare da waiwaye ba yana da haɗari, domin kuskuren da aka tafka a farko ba ya bayyana sai ranar gwaji, bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuffuka a Amurka, ta ɗanɗana wannan. Ta sa a gina mata manhajar adana bayanan bincike, amma a 2005 sai aka yi watsi da aikin bayan an kashe kimanin dala miliyan 170. A 2006 aka ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar wata sabuwa mai suna Sentinel, ita ma ta shiga jan ƙafa da cin kuɗi. A 2010 hukumar ta karɓe ragamar aikin, ta rage yawan ma'aikata, ta koma hanyar Ajayil. A watan Yulin 2012 aka fara amfani da manhajar a ofisoshinta.

To, mece ce wannan hanya? A watan Fabrairun 2001 wasu ƙwararru 17 suka taru a Snowbird ta jihar Utah, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa. Gundarinta shi ne a fifita manhajar da ke aiki bisa tarin takardu, a riƙa tafiya tare da mai aikin, kuma in bukata ta canja a canja da ita. Mafi shahara cikin tsare-tsaren da ke bin wannan ra'ayi shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995.

A Sikiram akan haɗa ƙaramar tawaga, galibi mutum 10 ko ƙasa da haka. Akan jera bukatu bisa muhimmancinsu, a yanka aikin zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, da yawa ma mako 2 suke yi. Kullum a yi taron minti 15 don a san inda aka kwana. Zango na ƙarewa sai a nuna wa mai aikin abin da aka gina yana aiki a gabansa, gani ya kori ji. Daga nan tawagar ta zauna ta duba abin da za ta gyara a salon aikinta.

Amfanin wannan duka shi ne kuskure ya fito fili da wuri, lokacin da gyaransa ke da araha. Amma fa akwai sharaɗi. Dole shugaba ya iya jin labari marar daɗi ba tare da ya huce a kan wanda ya kawo shi ba. Dole kuma mai aikin ya ba da lokacinsa a ƙarshen kowane zango. Inda taron kullum ya zama wurin titsiye, ma'aikata za su koyi ɓoye matsala, a koma gidan jiya da sabon suna.

Saboda haka duk wanda zai ba da kwangilar manhaja, gwamnati ce ko kamfani, ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a riƙa nuna masa abu mai aiki duk bayan 'yan makonni. Wanda ya ce a dakata sai ranar miƙa aiki, to, a yi hattara da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.