Fadar Shayi ko Fadar Karatu?

Kowace shekara, da zarar zafin bazara ya kama, sai hankalin uwaye ya koma kan jarrabawar BEPC da ta Bak. Mai hali ya nemo wa ɗansa malamin da zai riƙa zuwa gida da dare, ya biya shi ƙarshen wata. Marar hali kuwa ya zuba ido, ya yi addu'a. Ta haka jarrabawar da aka kafa domin auna ƙwazon yaro take neman zama ma'aunin aljihun ubansa.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe 10 na Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matsayin da ake bukata a karatu ba. Yaran nan su ne suka hau kwaleji da lise a shekarun da suka biyo baya, cikin azuzuwan da suka cika maƙil, inda littafi ɗaya ke zagaya hannuwa da yawa. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke makara watanni, yajin aiki kuma ke cinye shekarar karatu, sun san yadda darasin da ya wuce yake wuyar dawowa.

Gyaran wannan al'amari nauyin gwamnati ne, kuma babu mai sauke mata shi. Sai dai ɗalibin da zai zauna jarrabawa bana ba zai iya jiran a gama gina azuzuwa ba. Abin da ke hannunsa shi ne abokai huɗu ko biyar, da allo, da alli.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A makarantun allo na Damagaram, Maraɗi da Tawa, almajiri yakan biya karatunsa, ɗan'uwansa na saurare yana gyara masa. Makarantar da Jean Dard ya buɗe a Saint-Louis ta ƙasar Senegal a 1817 ita ma da wannan tsari ta soma: ɗalibin da ya yi gaba yana koya wa na baya. A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman, a jami'ar Berkeley ta Amurka, ya bi diddigin ɗalibansa, ya tarar masu taruwa su warware darasi tare sun fi masu karatu su kaɗai cin nasara, ko da yake su ma ba malalata ba ne.

Dalilin a fili yake. Wanda ya saurari malami yakan zaci ya gane, har sai an miƙa masa alli an ce ya yi wa wani bayani. A nan giɓin ke bayyana, tun da sauran lokacin cike shi. Yaron da ke jin nauyin ɗaga hannu gaban mutum 80 ba ya jin kunyar tambayar abokinsa sau uku. Haka kuma abin da aka koyar da Faransanci ana iya warware shi da Hausa ko Zabarmanci har ya zauna, sannan a koma a rubuta shi da harshen jarrabawa.

Amma taro kaɗai ba karatu ba ne. Ƙungiyar da ta wuce mutum biyar ta zama kasuwa. Ya kamata su kasance ƴan aji ɗaya da sashe ɗaya, A ko C ko D, su tsaida ranaku da sa'o'i. Kowa ya gwada aikin shi kaɗai kafin a haɗu, domin wanda ya zo hannu wofi kwafa zai yi, ranar jarrabawa kuwa babu wanda zai kwafa daga gare shi. Alli ya riƙa zagayawa, kada mai ƙoƙari ɗaya ya zama malami sauran su zama ƴan kallo. A riƙa gwada tambayoyin jarrabawar shekarun baya da agogo a gaba. Abin da ya gagari kowa a rubuta shi a kai wa malami washegari, don kada kuskuren mutum ɗaya ya zama na mutum biyar. Wayar salula a ajiye ta gefe.

Matasa ba su rasa wurin taruwa ba. Tun farkon shekarun 1990 fada ta bazu a unguwannin Damagaram da Yamai, tana da suna, da shugaba, da karo-karon kuɗin shayi da sukari. Tsarin da ya iya tara samari kowane dare kan butar shayi zai iya tara su gaban allo, muddin shayin ya jira a gama aiki.

A nan ne aikin uwaye yake. Ɗan kasuwa yana da zaure ko rumfar shago da ba a amfani da ita bayan isha'i; falankin katako, da baƙin fenti, da fitila mai aiki da hasken rana ba su kai kuɗin malamin gida ba. Ma'aikacin da ya ci Bak a zamaninsa zai iya ba ƴaƴan unguwa sa'a ɗaya a mako. Daraktocin makarantu su bar aji ɗaya a buɗe da maraice. Mafi muhimmanci shi ne ƴan mata, waɗanda aikin gida da talla ke cinye wa lokaci, ba a kuma barin su fita da dare: a ba su tsakar gida bayan la'asar, a ɗauke musu wanke-wanke na sa'o'i biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uban da ya buɗe zaurensa ga yara biyar ya taimaki ɗansa, ya kuma taimaki huɗun da uwayensu ba su da abin biyan malami. Magabata kuwa kada su ɗauki wannan ƙoƙari a matsayin uzuri: bashin azuzuwa, littattafai da ƙwararrun malamai yana nan a wuyansu.