Garin Taba: Ƙaramar Riba a Kasuwa, Babbar Asara a Asibiti

A kusan kowace babbar kasuwa ta ƙasar nan akwai masu auna garin taba, wanda ake haɗawa da kanwa a kuma ƙunshe a leda, mai saye ya gumtsa a baki ko ya shaƙa a hanci. Da yake ba ya hayaƙi, jama'a da dama sun ɗauka ba shi da lahani. Wannan zato kuskure ne mai tsada.

Cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa tabar da ba a kunnawa tana haddasa sankarar baki da ta maƙoshi, domin tana ɗauke da sinadarai masu jawo cutar har iri 28. A shekarar 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar baki a duniya, kuma masana sun danganta kimanin kashi ɗaya bisa uku nasu da irin wannan taba da kuma ƙwallon areka da ake taunawa a nahiyar Asiya. Ciwon kan fara ne da farin tabo ko gyambon da ya ƙi warkewa, a daidai inda ake ajiye tabar.

Najeriya ba ta tsira ba. Ƙididdigar da aka yi a 2012 ta nuna cewa kashi 1.9 cikin ɗari na manya, wato mutum wajen miliyan 1.6, suna amfani da ita. Idan magidanci ya kwanta, jari ne ke fara tafiya wajen tiyata da gashi, sannan gona ko rumfa ta bi baya.

Abin takaici shi ne, hankalin hukuma ya fi karkata ga sigari. A 2018 an ɗora harajin Naira ɗaya a kan kowane kara, amma garin da ake daka wa a gida ba ya biyo ta masana'anta, balle jami'in haraji ya gan shi. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai ba a jin ɗuriyarta a rumfunan kasuwa. Muddin sigari na ƙara tsada alhali gari na nan da araha, to akwai fargabar talaka zai sauya taba ne kawai, ba zai daina ba.

Saboda haka ya kamata a yi wa masu sana'ar rajista ta hannun ƙungiyoyin kasuwa, a wajabta rubuta gargaɗi a jikin ƙunshi cikin harsunan gida, a kuma ba dillalai rancen komawa wata sana'a. Jihohin Indiya da dama sun haramta tabar gutka tun daga 2012. Ko ba a kai nan ba, wajibi ne shugabannin kasuwa su shawarci duk mai gyambon baki da ya wuce mako biyu ya garzaya asibiti, tun ana iya ceto shi da dukiyarsa.