Firiza Ba Ta Gyara Shinkafar da Ta Wuni a Tukunya

Matashi a Riruwai ko Tudun Wada zai iya tara kuɗi ya sayi firiza mai sola, amma ba za ta ceci shinkafar da ta wuni a tukunya ba. Ƙwayar cutar Bacillus cereus tana jure dahuwa. Idan shinkafa ta daɗe da ɗumi, sai ta zuba dafin da ɗumame ba ya kashewa, ƙarshenta amai.

Gara a baza ragowar a faranti, a saita ƙararrawar waya, a saka ta firiza cikin awa 1. A ɗumama sau ɗaya tak, har ta yi tururi.

Inda ake yawan ɗauke wuta, a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsakuwa a kai. In ta nutse, firizar ta narke. Zubar da shinkafar ya fi kwanan asibiti arha.